Tashar Galadi a Kwamfutar Yaya

Ban taɓa tsanar abin da ba shi da rai ba kamar yadda na tsani wata manhaja da ke cikin kwamfutar yayana. Ta tsara tafiyar jiragen ƙasa ce. Kai za ka zana mata layin dogo a kan taswira, ka dasa tashoshi inda ka ga dama, ka faɗa mata gudun jirgi da yawan taragunsa, ita kuma ta fito maka da jadawali: wannan zai tashi ƙarfe kaza, ya isa can ƙarfe kaza da minti kaza. Idan ka danna wani wuri sai ka ga ɗigo-ɗigo masu launi suna bin layin, suna tsayawa, suna tashi. An ce a ƙasashen da jirgi ke zuwa kan lokaci da irinta ake aiki. Yaya kuwa a Ƙaura Namoda ya kunna tasa, garin da an daɗe rabon a ji kukan jirgi, awaki ne ke kwance a kan ƙarfen suna tuƙa. Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Mu 'ya'yan reluwe ne. Babanmu a tashar Ƙaura ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, kuma kowa ya sani nan ne ƙarshen layi. Muna yara mukan bi ƙarfen da ƙafa har inda ya tuƙe, mu tsaya muna kallon ciyawa ta ci gaba ita kaɗai. Ni abin bai taɓa damuna ba, komai yana da ƙarshe. Yaya ne kullum yake tambayar Baba me ya sa bai wuce Shinkafi ba, me ya sa bai je Zurmi ba. Baba ya ce masa nan Bature ya gaji. Mu muka yi dariya muka manta, shi ya riƙe abin a ransa har furfura ta fara fito masa.

Innarmu mutuniyar Galadi ce, can ƙasar Shinkafi. Da Baba ya rasu ta koma garinsu ta zauna kusa da ƙanenta, Kawu. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu, ita ta yaye shi da kunu. Ko da ya tsufa yana dogara sanda, idan ta tashi maganarsa autanmu take cewa. Da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, noma ya zama sai da izininsu, Yaya ya aika aka ɗauko ta zuwa gidansa a Ƙaura. Kawu ya ce shi ba inda za shi, inda aka binne ubansa nan za a binne shi. Ni ina aure a unguwa ɗaya da Yaya, ina koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata, saboda haka kullum na taso makaranta sai na biya na ga Inna kafin in wuce gida.

Akwai abin da sai an san shi za a gane sauran zancen. Yaya ɗan fari ne, Inna kuma irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Wancan take ce masa, ko mai gidan ga. Wurin kakarmu ya tashi, ba a cinyarta ba. Ko yanzu da take cin tuwon gidansa, idan ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Idan tana son wani abu a wurinsa ni take faɗa wa, ko da yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Shi ma haka, sai ya dube ni ya ce a tambayi Inna ko maganinta ya ƙare. Na yi shekaru ina wannan dakon magana tsakanin uwa da ɗa, ban taɓa jin nauyinsa ba sai a shekarar da nake ba da labari.

Yaya ma'aikacin gwamnati ne. Wani kwas aka tura shi, ya dawo da manhajar nan, ba wanda ya sa shi kuma ba aikin ofishinsu ba ne. Cikin 'yan makonni ya ja layi biyu daga inda Bature ya gaji. Ɗaya ya bi ta Dauran zuwa Zurmi har Gurbin Bore, ɗaya ya bi ta Shinkafi ya miƙe Sakkwato. Ni ya fara nuna wa, don ya san zan gane. Kuma na gane sarai, shi ya sa ƙiyayyata ba ta jahilci ba ce. Akwai wani shafi da tashoshi ke jere daga sama zuwa ƙasa, lokaci kuma yana tafiya daga hagu zuwa dama, kowane jirgi ya zama zare a karkace. Tun da layin ƙwaya ɗaya ne, mai tafiya da mai dawowa ba su da halin wuce juna sai a tasha, inda ɗaya zai raɓe ya ba ɗaya hanya. Idan zare biyu suka gitta a inda babu tasha, sai wurin ya yi ja, wato an yi karo.

A gabana wurin ya yi ja. Jirgin safe na Ƙaura da na Sakkwato suka haɗu a tsakiyar daji. Yaya ya yi tsaki, ya koma taswira ya duba wane gari ne kusa da wurin, ya ga Galadi. Ya ɗan lanƙwasa layin, ya dasa tasha, jan ya ɓace. Haka Galadi ta sami tashar jirgi. Ba don Inna ba, ba don Kawu ba, don kada ɗigo biyu su yi karo ne. Ina zaune a wurin, ba labari aka ba ni ba.

Lokacin bazara ne, ɗaki ba ya zaunuwa, wuta kuma sai ta ga dama. Bayan la'asar Yaya yakan fito da kwamfutar tsakar gida ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Inna tana can gefe a bakin ɗakinta tana tsince wake. Yana yi mini bayani da ƙarfi, irin ƙarfin da na san ba don ni ba ne, har ya zo kan cewa jirgin zai tsaya Galadi. Na ga hannun Inna ya tsaya cak cikin faifai.

Ta ce mini, "Ke, mi wancan yac ce?"

Na ce, "Wasa na yakai da na'ura, Inna. Zane na."

Yaya ya dube ni ya ce, "Hwaɗa mata ba wasa na ba. Tsari na. Haka duk duniya ta hwaro nata."

Washegari tabarmar Inna ta matso kaɗan. Bayan kwana biyu ta ƙara matsowa, wai inuwa take bi. Kafin wata ya ƙare, Inna da ɗanta na fari suna zaune kafaɗa kusa da kafaɗa, ba mai kallon wani, dukansu sun zuba wa allon ido. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin haka ba, kuma a ranar farko har ƙwalla na share. Ba ta iya boko ba, amma ta haddace inda Galadi take, ta san koren ɗigo shi ne na Ƙaura. Tun daga tashinsa take raka shi da baki, tana kiran garuruwan da ta sani a hanya. Idan ya iso Galadi dole ya jira na Sakkwato ya wuce, saboda haka ya fi daɗewa a nan fiye da ko'ina. Inna ta ɗauki wannan girmamawa ce. Takan ce mini, "Kin gani ko, ko Shinkahi bai daɗe haka ba. Ya san akwai tsohhi masu sauka sannu."

Mazan majalisar ƙofar gida su suka ƙara lalata shi. Yana fitar musu da ita bayan sallar Juma'a, su taru a kansa suna injiniya, injiniya. Wannan ya ce a sa wa ƙauyen matarsa tasha, wancan ya ce jirgin Zurmi ya riƙa jiran a tashi kasuwa. Mutanen da ba su iya zuwa gonakinsu na bayan gari, su ne ke musun ko jirgin Gurbin Bore ya kwana can ko ya dawo. Yaya ya ce zai kai tsarin gaban manya, ana nema masa hanya. Har yau ana nema.

Ana cikin haka ciwon Kawu ya tashi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya. Waya a Galadi sai an hau tudu an yi sa'a, saboda haka labari guntu-guntu yake iso mu ta bakin babban ɗansa. Sau ɗaya aka ɗauki Kawu aka kai shi inda waya ke kamawa, aka kara masa a kunne. Ina riƙe da tawa a kunnen Inna, na ji shi da kaina. Bai yi dogon zance ba. Ya ce wa Inna, "Yayata, ki taho in gane ki."

Allah ya sa a ƙarshen ranin nan hanya ta ɗan lafa. Ranar kasuwar Shinkafi motoci kan taru su tafi a jere da sojoji a gaba, su dawo haka. Maigidana ya yi magana da wani direba da ya yarda da shi, aka ce za a ba Inna gaban mota, ni in zauna kusa da ita. Ɗan Kawu zai tarye mu a Shinkafi da babura biyu. Ba wanda ya ce babu haɗari. Amma kowa a ƙasar nan ya san lissafin: idan ruwa ya sauka, gero ya yi tsawon mutum, rafuka suka kawo, to hanya ta koma hannun masu ita. Abin da za a yi, kafin shuka za a yi shi.

Na je da murnata na faɗa wa Inna. Ta hau murza bakin zanenta. Can ta ce, "A dakata tukuna."

"A dakata mi, Inna? Kawu na kwance."

"Wancan ya ce an kusa. In jirgin ga ya hwara, sai in tahi zaune, in sauka ƙohwar gida. Mi za ya kai ni bisa babur da tsuhwana?"

Na zaci ba'a take yi. Na dubi fuskarta na ga babu wasa a ciki. Raina ya ɓaci. Ban ko yi mata sallama ba na fita na sami Yaya a zaure, yana gyara lokacin jirgin kaya.

Na ce, "Yaya, tashi ka je ka hwaɗa ma Inna babu jirgi."

Bai ɗago ba. "Ni ban ce mata akwai ba."

"Ka ce an kusa."

"Na ce in Allah ya so. Ke kin san abin da Allah za ya yi gobe?"

"Kada ka sa Allah cikin wasan ga naka. Ko ƙusa guda ba a kahwa ba. Kai ka sani, ni na sani. Tsohuwa na can tana jiran gawon shanu, ƙanenta na mutuwa."

Sai a nan ya rufe kwamfutar. Ya ce in rage murya, a gidansa nake. Ya ce shi ne babba, shi ya ɗauko ta daga bakin wuta, ba kuma zai mayar da ita ba. Idan aka tare motar fa? Idan aka shiga daji da ita, wa za a kira, ni ko shi? Na ce to ya je ya faɗa mata haka da bakinsa: Inna, na hana ki tafiya don ina tsoro. Wannan magana ce ta namiji, ko ban so ba zan girmama ta. Ya ce ai na san ba ya iya doguwar magana da ita. Na ce ƙarya ne, wata guda ke nan suna hira ta bakin ɗigo. Ya ce in fita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tsoronsa gaskiya ne, kuma da ya furta shi da an yi shawara irin ta mutane. A kira dangi, a auna, Inna ta zaɓa da idonta buɗe. Amma ya sami abin da zai hana ta tafiya ba tare da ya hana ta ba. Manhajar ta yi masa aikin. Kullum bayan la'asar tana nuna wa Inna koren ɗigo ya isa Galadi lafiya, ba wanda ya tare shi, ba wanda ya sauke fasinja ya kora su daji. Ba a zana ɓarawo a cikinta ba, babu ma inda za a rubuta shi.

Na koma wurin Inna na faɗa mata da bakina. Na durƙusa na ce zane ne kawai, ko yau aka fara aikin, jikokina ne za su hau. Matar da ba ta taɓa yabon ɗanta a gaban mutane ba, ba ta taɓa tare masa faɗa ba ko yana yaro, ta dube ni ta ce, "Ke kin hi shi sani? Maƙaryaci kika son ki ce na haihwa?" Kwana biyu ba ta taɓa abincin da na kawo ba.

Na daɗe ina juya wannan amsar. Inna ba wawuya ba ce, matar ma'aikacin reluwe ce, ta san jirgi ba ya tafiya sai an shimfiɗa masa ƙarfe. Ina jin ranar da aka ɗauko ta ta ga abin da ta gani a hanya, don ba ta taɓa ba mu labarin tafiyar ba. Ina jin kuma abu ɗaya ke nan da ɗanta na fari ya taɓa miƙa mata hannu da hannu, ba ta bakin kowa ba, ta kasa cewa ba ta so. Ko ma mene ne, motocin kasuwa suka yi ta tafiya suna dawowa babu mu. Kowane mako direban ya aiko tambaya, kowane mako in ce a yi haƙuri sai na gaba. Har ya daina aikowa.

Ruwa ya sauka. Aka yi shuka, gero ya tashi. Aka tare motoci a hanyar sau ɗaya, sau biyu, direbobi suka ajiye makullai. Kawu ya rasu gero na fitar da kai. Sai bayan an binne shi da kwana biyu ɗansa ya sami waya ta kama. Ni na ɗauka, ni kuma na shiga na faɗa wa Inna, tun da Yaya ba ya iya doguwar magana da ita. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta yi salati, ta ce, "Autanmu," ta juya ta fuskanci bango. A Ƙaura aka yi zaman makoki, ba gawa, ba kabari, sai tabarmi. Yaya yana ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, mazan majalisa suna ce masa sai haƙuri, injiniya.

Na ɗauka shi ke nan, kunya za ta sa ya binne kwamfutar nan a ƙasan akwati. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki na shigo daga makaranta na tarar da shi a gindin darbejiya ya buɗe ta. Na tsaya da jaka a hannu ina jin kamar in ɗauki taɓarya. Kafin in yi magana Inna ta fito daga ɗaki, ta rame, tana jan tabarmarta. Ta shimfiɗa a inda ta saba. Sai na haɗiye abin da ke bakina na zauna, don ita.

Ashe duk kwanakin nan bai daina ba, a ofis yake yi. Ya fara yi mini bayani, muryarsa har da ɗan daɗi a ciki. Wai wani masani da ya tura wa tsarin ya ce tsaye-tsayen sun yi yawa, manya ba za su kalle shi ba. Shi ne ya zauna ya sake lissafi. Ya matso da tashin jirgin Sakkwato gaba kaɗan, sai ga shi yanzu a Shinkafi suke haɗuwa, inda da ma akwai babbar tasha. Tafiyar ta ragu sosai. Ya nuna mini zaren, ba ja ko ɗaya. Na gane abin da hakan ke nufi tun kafin ya gama, na buɗe baki, amma ya riga ya danna.

Koren ɗigo ya tashi daga Ƙaura. Inna ba ta raka shi da baki ba wannan karon, ido kawai ta bi shi da shi. Ya tsaya Shinkafi, ya jira ɗan'uwansa ya wuce, ya tashi. Ya nufo inda ta haddace. Na ga ta ɗan sunkuyo. Layin ma ya miƙe, lanƙwasar nan babu ita, sunan garin babu shi. Ɗigon ya wuce sumul.

Inna ta jira kaɗan, ko zai dawo. Sannan ta ce, a hankali, "Bai tsaya ba."

Sai a lokacin Yaya ya tuna wadda ke zaune kusa da shi. Na ga fuskarsa ta canza. Ya hau danne-danne, yana ce mini, "Hwaɗa mata kuskure na. Yanzu za ni maishe ta, ina da tsohon tsarin, yanzun ga."

Inna ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta naɗe tabarmarta ta saƙale a hammata. Ba ta dube shi ba, ni ta duba.

Ta ce, "Ce mai ya bar shi hakanan. Wa za ni sauka in iske?"

Ban isar da saƙon ba, ya ji da kunnensa. Ta shige ɗaki ta saki labule. Mu biyu muka rage a gindin bishiyar, ɗigon kuwa yana ta tafiyarsa har ya shiga Sakkwato a kan lokaci.